Musun Rumbun Sama

A Dayi kowa ya san Bature da Ɗanasabe sa ɗai-ɗai gare su. Shekara huɗu ke nan da suka haɗa. Bature ya kawo farin sansa da ake kira Alƙali saboda tafiyarsa ta ƙasaita, Ɗanasabe ya kawo jan sansa Soja, wanda bai san a tsaya wuri ɗaya ba. Karkiya ta Bature ce, garma ta Ɗanasabe. In damina ta sauka, yau a yi huɗa a gonar wannan, gobe a gonar wancan. Mai gona shi ke riƙe garma, ɗayan ya shiga gaba ya ja shanu. Alƙali a dama, Soja a hagu, haka aka hore su tun ranar farko, kuma ko ba a ce musu komai ba kowa wurinsa yake nufa.

Mutanen gari sun daɗe suna jiran ranar da za su ɓata a kan harawa, ko a kan gonar da za a fara shiga. Ba su ɓata a kan ko ɗaya ba. A kan wasu mutane suka ɓata da ke zaune can wata duniya gaba da wata, waɗanda ko sunan Dayi ba su taɓa ji ba.

Da rani ne abin ya shigo gari, lokacin da manomi ba shi da aiki sai hira da gyaran danga. Abdussamad mai tura fina-finai a waya ya zo da wani shiri mai dogon zango na Turawa, an juye shi da Hausa. Sunan da masu shi suka sa masa ba wanda ya riƙe. Mai fassara ya raɗa masa Rumbun Sama, shi kuwa ya bi shi. Gida ɗaya ne mai 'ya'ya uku, kowane da nasa 'yan wasa da nasa zamani.

Na fari shi ne Tashi. Duniya ta bushe, mutane suka loda iri iri-iri a wani ƙaton kumbo suka tafi neman inda za su shuka. Tsohon shiri ne. Kumbon in ka lura da kyau kamar tukunyar gas ce aka yi wa fenti, dodannin kuma ana hango zif a bayan wuyansu. Amma labarin na da daɗi, kuma ranar da aka binne tsohuwar da ke tsaron iri a cikin sarari, har mai shayi sai da ya share ido ya ce hayaƙi ne. Kowa na girmama Tashi yadda ake girmama kaka, sai dai ba wanda ya sake kallonsa sau biyu.

Na biyu shi ne Sauka, kuma shi ne ran Bature. Sun iso wata jar duniya mai rana biyu, inda ruwa ke sauka sau ɗaya tal a shekara bakwai. Sai sharar gona, rabon fili, rikicin iyaka, zaman sulhu. Jarumin wani dattijo ne mai riƙe da makullin rumbun iri, mai fassara ya sa masa Sarkin Noma. Maƙwabcinsa Dogo ya ci masa iyaka da taki uku, shi kuwa ya rantse ba zai buɗe rumbu ba sai Dogo ya zo gaban jama'a ya ce ya yi kuskure. Kashi talatin da tara Bature ya kalla, ya ƙare da Sarkin Noma zaune a ƙofar rumbu, makulli a wuya, hadari na haɗowa a bayansa. Bature bai taɓa ganin ƙarshen fim da ya ƙayatar da shi haka ba.

Na uku shi ne Jikoki, na Ɗanasabe. Sabo ne fil, hoto tar, har gumin goshin mutum kana gani. Jikokin waɗancan ne suka rabu gida biyu suna yaƙi da bindigar haske, da mutum-mutumi masu magana, da jirage masu juyi kamar shirwa. Ba a minti biyar ba a fasa wani abu ba.

Wata la'asar ta ƙarshen bazara, ana zaune ƙarƙashin darbejiyar mai shayi, gabas ta fara yin duhu, sai wani ya tsokano zancen wanne ya fi a cikin ukun. Bature ya gyara zama. Da ma shi mutum ne mai son a tambaye shi.

"Tashi dai uba ne, a bar shi gefe," in ji shi. "Amma in ana maganar fim mai hankali, Sauka ne. Mutane ne kamar ni da kai. Ka ga yadda suka gwada ƙasa kafin su sare ta? Ka ga yadda suka ware iri mai saurin nuna? Wanda ya rubuta wannan abu, ko Bature ne na gaske, ubanshi manomi ne."

"Wane manomi?" Ɗanasabe ya ce, yana kaɗa kofinsa. "Rana biyu a sama, ba dare, ka ce masara za ta yi? Ai ko ƙaya sai ta ƙone. Kuma kashi uku na kalla, wallahi ba abin da aka yi sai taro. A tashi wannan taro a shiga wancan. In taro nake so in gani ai sai in tafi sakatariya."

Aka yi dariya. Bature ya jira ta lafa.

"To naka fa? Kashi nawa ne, hamsin? Ka faɗa mani inda ka ga mutum ɗaya ya zauna ya ci abinci. Ko sau ɗaya. Ana ta harbi, ana ta gudu, ba mai tuwo, ba mai koko. Da mi suke yaƙin, da iska?"

Wannan ta shiga, don ba wanda ya iya tuna loma ɗaya a cikin Jikoki. Da an tsaya a nan da shi ke nan, kowa ya ci ɗaya. Amma Ɗanasabe ba ya son a tashi yana ƙasa.

"Ni na gane abin da ya sa kake son Sauka," ya ce. "Irinku ɗaya. Kai ne mutumin da zai kwana uku yana shawarar ta ina za a fara kunya ɗaya."

An daɗe ana yi wa Bature wannan tsiya a bayan ido, yau ga ta a gaban ido, daga bakin abokin haɗinsa.

"Gara mai shawara," ya ce. "Mai son Jikoki kau ba sai an tambaya ba. A tafi bakin hanya a dubi kunyoyin gonarshi. Kamar maciji ya bi ta kan toka."

Maganar kuwa gaskiya ce. Gonar Ɗanasabe a bakin titi take, kuma duk mai wucewa a kan babur ya san kunyoyinta ba sa tafiya sak. Ɗanasabe ya ajiye kofi, shayin ko rabi bai sha ba. Bature ya ga fuskarsa, ya san ya wuce gona da iri. Amma idanu na kansa, kuma ga Sarkin Noma a ransa da makulli a wuya, sai ya ƙara da abin da ba wanda ya tambaye shi.

"Kuma Alƙali ba ya sake shiga karkiya da Soja sai ka faɗa a nan wurin cewa Sauka ya fi."

"To," in ji Ɗanasabe. Ya sa takalmansa ya tafi.

Magana zarar bunu ce. Kwana biyu da yin haka aka tafka ruwa irin wanda manomi ke roƙo, ya jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Bana kuwa layin Bature ne a fara shiga gonarsa. Irin masararsa na ɗaki, takinsa ya riga ya watsa tun bazara, huɗa kawai ta rage. Kuma masara ba ta san uzuri ba. In ba ta shiga ƙasa a farkon damina ba, haka za ta tashi a tsamure ta ba ka ɗan abin da ta ga dama, gida kuwa mutum tara ne ke ci daga wannan gona.

Da sassafe Bature ya fito da Alƙali ƙofar gida, ya jingina karkiya a bango, ya zauna a kan dakali kamar mai shan iska. A lissafinsa Ɗanasabe zai ɓullo da Soja da garma, ya yi sallama, ya ɗan sosa ƙeya ya ce ai wasa ne. Har ya shirya yadda zai karɓi tuban cikin dattaku. Hantsi ya yi, shanun mutane suka wuce bibbiyu. Azahar ta yi. Alƙali ya gaji da tsayuwa ya kwanta yana tuƙa.

Matarsa Lauratu ta leƙo ta zaure. "Malam, ba a fita gonar ba ne yau?"

"Ƙasar ta cika ruwa. Sai ta ɗan tsane."

Ta dubi shanun da ke dawowa da laka har gwiwa, ta dube shi, ta koma ciki.

Washegari ma haka. A rana ta uku, da ya ga saman ƙasa ya fara fari, sai dabara ta zo masa. Maharazu na bayan masallaci yana da shanu biyu da garma, ɗaya ya yi targaɗe yana ɗaure. Bature ya je ya ce a haɗa mai lafiyar da Alƙali, a yi gonarsa a yi ta Maharazu. Maharazu ya yarda nan take. Abin da ba wanda ya tambaya a cikinsu, don kowa na sauri, shi ne wane gefe san Maharazu yake ja.

San dama ne, kamar Alƙali. Aka sa shi a hagu, ya ce bai san zancen ba. Da an ce su tafi sai ya turo kafaɗa yana neman komawa wurinsa, Alƙali kuma ya kafe ya ce nan gidan ubansa ne. Aka juya su, Alƙali ya koma hagu, sai shi ma ya fara tura ɗan'uwansa. Garma ta shiga ƙasa ta yi kwana, ta sake yin kwana, kafin Bature ya ankara sun zagayo inda suka taso. Maharazu na gaba yana ja yana salati, Bature na baya yana tsalle a kan garma. Zuwa hantsi sun yi wani abu a tsakiyar gona mai kama da faifai. Masu babura suka riƙa tsayawa suna kallo, wani har ya ɗaga waya.

Maharazu ya kwance sansa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Kafin azahar labari ya gama gari, har da cewa Bature ya ƙirƙiro huɗar da za a gani daga kumbo. Shi kuwa ya shige gida ya ce bayansa ke ciwo. Kwana shida bai leƙa majalisa ba, salla ma a masallacin can ƙarshen unguwa yake yi. Ruwa ya ɗauke, danshin farko ya tafi a banza. Yana kwance yana jin haushin Ɗanasabe, yana kuma kewarsa, abin da ba zai faɗa wa kowa ba ko da wuƙa a wuya.

A rana ta bakwai da hantsi hadari ya sake haɗowa. Lauratu na ɓarar gyaɗar shuka a tsakar gida, shi yana kan tabarma yana sake kallon Sarkin Noma a ƙofar rumbu don ya ƙara wa zuciyarsa ƙarfi.

"Kin ga namiji," ya ce, ya juya mata wayar. "Magana ɗaya. Haka aka ƙare, bai tanƙwara ba."

Lauratu ta ɗan kalla, hannunta bai bar gyaɗa ba. "Ai ba nan ne ƙarshen ba, Malam."

"Kamar yaya?"

"Wannan na talatin da tara ne. Arba'in ne. Mun kalla a wayar Rabi tun kafin azumi. Halan mai turawar bai sa maka na ƙarshen ba."

Bature ya tashi zaune. Wata uku yana yi wa maza bayanin Sauka a majalisa, ashe matan unguwa sun riga shi sanin inda aka kwana. "Mi ya sa ba ki faɗa mani ba?"

"Ba ka tambaye ni ba. Na ji kullum kai ke ba da labarin."

Ta shiga maƙwabta ta aro wayar Rabi, ta miƙa masa, ta koma kan gyaɗarta. Bature ya kalli kashi na arba'in shi kaɗai. Ruwan shekara bakwai ya sauka, kwana uku yana zuba. Mutane suka taru a ƙofar rumbu suna roƙo. Sarkin Noma ya ce sai Dogo ya zo. Dogo kuwa yana can ya ce sai an buɗe zai zo. Ruwa ya ɗauke, rana biyun nan suka fito tare, ƙasa ta koma dutse. Da aka fasa ƙofar daga baya, iri na nan lafiya lau, buhu a kan buhu, ba inda za a sa shi. Aka rufe da yara biyu, jikan Sarkin Noma da jikan Dogo, suna jifan juna da duwatsu a kan iyakar nan ta taki uku.

"Shi ya sa ba ka ga ana cin abinci a Jikoki ba," in ji Lauratu. "Ina abincin? Ai kakansu ya zauna a kan makulli." Ta tattara ɓawon gyaɗa gefe guda. "Ni kuma akwai abin da ban gane ba. In Baban Mansura na riƙe da garma a gonarshi, wa ke shiga gaba ya ja shanun?"

Baban Mansura shi ne Ɗanasabe. Amsar kuwa na zaune a kan tabarma. Shekara huɗu shi ke jan shanu a gonar da ya yi wa gori.

Ruwa ya sauka da azahar, mai kyau, wataƙila na ƙarshe da masara za ta yafe wa mutum. Ana ɗaukewa Bature ya saɓa karkiya, ya kama igiyar Alƙali, ya bi ta tsakiyar gari, ta gaban mai shayi, don kowa ya gani. Girman kai rawanin tsiya ne, ya gaya wa kansa, yau zai tuɓe shi. A hanya ya shirya jawabinsa. Zai ce Jikoki ya fi hoto, ya fi motsi, kuma rashin cin abincin ma hikima ce. Zai ce a fara da gonar Ɗanasabe gobe, ya yafe layinsa. Har ya fara jin daɗin irin dattakun da zai nuna.

Ya tarar da Ɗanasabe zaune a zaure, waya a hannu. Da ya ga Bature sai ya miƙe da sauri, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Malam Bature, yanzu nake cewa in an ɗauke ruwa zan zo in same ka. Wallahi kai ke da gaskiya."

"A'a, tsaya ka ji..."

"Bari in gama. Na kalli Sauka tun daga farko har na arba'in. Ashe haƙuri yake so. Daga kashi na goma abin ya kama ni, ko tashi ba na son yi. Jikoki hayaniya ce kawai, in ba ka ga Sauka ba ba ka ma san dalilin faɗan ba. Gobe a majalisa zan faɗa da bakina, kowa ya ji. Sauka ya fi."

Bature ya tsaya da jawabinsa a baki. Kwana goma sha ɗaya yana jiran waɗannan kalmomi, ga su sun zo har da ƙari. Ya yi 'yar dariya, ya sauke karkiya daga kafaɗa.

"To alhamdu lillahi. Ni ma na yi kuskure, maganar kunyoyin nan ba ta kamata ba. Amma ina ka samu lokacin kallon kashi arba'in da damina?"

Ɗanasabe ya saki hannunsa. "Yo ba yankan ciyawa, ba kai sa rafi. Zama kawai nake."

A lokacin ne Bature ya lura Alƙali ya miƙa wuya ta ƙofar garka yana shinshina. Ya bi shi da ido. Turken Soja na nan, an share wurin tas, igiya a naɗe a kan danga.

"Ina Soja?"

"Ranar da aka ce mani ka haɗa Alƙali da san Maharazu, na ce to, an sallame mu ke nan. Kai ka sani, mutum bai sa sanshi a karkiyar wani sai ya gama da na farko. Sa ɗaya kau mi zai yi mani, in ba ci ba? Washegari da asuba na kai shi kasuwar Kafur." Ya sunkuyar da kai. "Masu lodin Kudu suka saye shi. A gabana aka sa shi a mota."

"Gonarka fa?"

"Na rubuta suna wurin mai tarakta. Ya ce sai ya gama da gonakin Alhazai."

Ruwa na ɗiga daga indararo. Bature ya so ya yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. Neman san hagu a tsakiyar damina, a saba shi da Alƙali, aikin wata guda ne, masara kuwa kwana uku ta ba shi.

"Amma fa ƙarshen nan," Ɗanasabe ya ce a hankali. "Dattijon nan da makullinshi. Kai da ka daɗe da gani, ba ka ji tausayinshi ba?"

"Na ji," in ji Bature.

Ya saɓa karkiya ya ja sansa suka koma. Duk faɗin hanyar, Alƙali gefen dama ya bi, ya bar wurin ɗaya a hagunsa kamar yadda ya saba. 'Yan majalisa suka ga wucewarsu, ba wanda ya tsokane shi.

Lauratu na ƙofar ɗaki tana tsince gyaɗa a faifai. Ta dubi sa, ta dubi karkiya, ta dubi mijinta.

"Kun shirya?"

"Mun shirya."

"To wa ya ci musun?"

"Ni," in ji Bature. Ya ɗaure Alƙali a turke, ya jingina karkiya a bayan rumbu inda ruwa ba ya taɓawa. Sannan ya tambaye ta ina ta ga an ajiye garmar hannun nan ta marigayi babansa, da dutsen wasa ta.